Ba Kowane Baƙo Ake Yi wa Shimfiɗa Ba

  A wannan mako ba zancen girki na zo muku da shi ba, ba kuwa na ɗinki ba. Zancen ruwa ne, watau ruwan da muke wanki da wanka da shi, da kuma waɗansu baƙi da suka sauka a cikinsa ba tare da sallama ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, kwanan baya na tafi suna wani ƙauye da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, na sauka a gidan wata aminiyata wadda muka tashi tare. Da dare ya yi, hayaniya ta lafa, sai ɗiyarta ta fari ta shigo ɗakin da aka sauke ni, ta zauna a gefen tabarma ta ba ni labarin abin da ya same ta. Ta yarda in faɗa muku, amma ban da sunanta.

Shekararta uku da aure ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Kullum tana cikin ciwon mara da ƙaiƙayi da zubar ruwa, wani lokaci kuma in ta je turaka sai ta ga ɗigon jini. An sha saiwoyi, an yi tsuguno, an sayi allurai da ƙwayoyi a kemis har sai da akuyoyinta biyu suka tafi, amma ba sauƙi. Daga nan sai tsegumi ya tashi a gidan miji, ana cewa ciwon sanyi ne ta zo da shi, har ana tambayar inda ta samo shi. Kun dai san nauyin irin wannan magana a kan 'ya mace. Sau biyu tana yin yaji.

Daga bisani mijin ya kai ta asibiti, Allah Ya haɗa ta da wata likita mai natsuwa. Bayan ta duba ta, sai ta yi mata tambayar da ba wanda ya taɓa yi mata. Ta ce, "Malama, sa'ad da kike yarinya a ina kuke wanki da ɗiban ruwa?" Ta ce a rafi. Aka auna fitsarinta, aka duba da madubin likita, sai ga ƙwayayen tsargiya. Yarinyar nan ta dube ni ta ce, "Wallahi Gwaggo, tun ina aji uku na firamare nake ganin jini a ƙarshen fitsarina. Kunya ta hana ni gaya wa Inna. Da na fara al'ada kuma sai na ɗauka duk abu ɗaya ne." An ba ta magani, ciwon ya lafa, bakin masu tsegumi ya mutu. Amma likitar ba ta ɓoye mata ba, ta ce tabon da cutar ta yi shekara da shekaru tana yi a ciki ba lalle ne ya goge duka ba. Zancen haihuwa yanzu sai addu'a.

Da gari ya waye na ce a raka ni mashayar. Ni na san wurin nan tun muna 'yan mata. A dā in rani ya yi, ruwa ƙafewa yake yi ƙaf, sai rairayi, har mukan tona shi mu ɗebi ruwa da ƙoƙo. Yanzu an datse rafin saboda noman rani, ruwa yana kwance shekara zagaye, gefensa kuwa duk kacalla ce ta fi tsawon namiji. Na sa wani yaro mai takalmin roba ya tumɓuko mini guda, na juya gindinta, sai ga 'yan katantanwa manne da ita, kowace ba ta fi ƙwayar wake ba. Ga 'yan mata kuma su wajen goma tsaye cikin ruwa har gwiwa suna wanki suna raha.

To 'yar'uwa, bari in bayyana miki dangantakar da ke tsakanin ciyawar nan, da katantanwar nan, da hawayen yarinyar nan.

Tsargiya, wadda waɗansu ke kira fitsarin jini, ba zafin rana ke kawo ta ba, ba kuwa alamar balaga ba ce kamar yadda ake faɗa wa 'ya'yanmu maza. Wata tsutsa ce. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz shi ya fara ganinta a birnin Alƙahira cikin 1851. Ga yadda take zagayawa. Mai ciwon in ya yi fitsari a cikin ruwa ko a bakinsa, ƙwayayen tsutsar sai su fita tare da fitsarin su ƙyanƙyashe. Abin da ya fito ba zai iya kama mutum nan take ba, tilas sai ya sami irin 'yar katantanwar nan ta ruwa ya shige jikinta. A nan zai yi 'yan makonni yana hayayyafa, sa'an nan ya riƙa fitowa dubbai, ƙanana ƙwarai yadda ido ba ya gani, galibi da tsakar rana, daidai lokacin da yara suka fi son shiga ruwa. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke huda mutum su shiga, ko da babu rauni ko ƙurji. Su bi jini su girma, su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su yi shekaru suna zuba ƙwai. Akwai kuma wani iri da ke zama a jijiyoyin hanji, shi ta bayan gida ƙwayayensa ke fita, yana lalata hanta ya kumbura ciki.

Kin ga ke nan in babu katantanwa babu tsargiya. Katantanwa kuwa ba ta son ruwa mai gudu da ƙarfi, ba ta jin daɗin wurin da ke bushewa wata da watanni. Abin da take so shi ne ruwa kwantacce mai ciyawa, inda za ta sami inuwa da abinci da wurin manna ƙwayayenta. Wannan shi ne gidan da kacalla ta gina mata.

Gaskiya ita ce kacalla ba daga wata ƙasa aka kawo ta ba. Tun dā akwai ta nan da can a bakin tafkuna, ba ta dami kowa ba, domin rani yana taka mata burki kowace shekara. Abin da ya sake shi ne halin ruwan. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, lokacin nan ƙasarmu ta Jigawa tana cikin Jihar Kano, domin sai a 1991 aka ba mu jiha. An kuma gama ta Challawa a 1992. Tun daga nan kogin Haɗejiya, wanda a dā yakan cika da damina ya janye da rani, ya koma yana ɗauke da ruwa shekara duka. Kacalla ta sami abin da take nema. Ta mamaye fadamun Haɗejiya da Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye amfanin gona, da sauro, da katantanwa. Wanda ya zo a matsayin ɗan rakiya ya zama mai gida. Mu nan kudu abin bai kai nasu ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: duk inda aka tare ruwa ya kwanta bai ƙafe ba, ko ƙaramin dam ne, ko kududdufi, ko ramin da masu aikin hanya suka haƙa suka bari, kacalla za ta iya sauka, in kuwa ta sauka ba ta tafiya don kanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A ƙasar Senegal an gama madatsar Diama a kan babban koginsu cikin 1986. Kafin nan ruwan gishiri na teku yakan hauro cikin kogin da rani ya hana ciyawa da katantanwa sakewa. Da aka tare shi, ciyayi suka cika bakin kogi, kacalla na cikinsu, katantanwa ta yawaita. Shekara biyu kacal bayan haka, watau a 1988, aka fara ganin tsargiyar hanji a garin Richard Toll, kafin wani lokaci ta game mafi yawan mutanen waɗansu ƙauyuka na yankin.

Akwai kuma wata baƙuwar, ita kam daga nesa ta zo. Wata irin kainuwa ce mai kaurin ganye da kyakkyawan fure mai ruwan shuɗi-shuɗi, asalinta daga Amurka ta Kudu. Kyan furenta ya sa mutane suka yi ta ɗaukarta daga ƙasa zuwa ƙasa don ado. Ta shigo ruwayen Ikko a 1984, daga baya ta kai har tafkin Kainji. A tafkin Biktoriya na gabashin Afirka an ga yadda katantanwa mai ɗauke da tsargiya ke maƙalewa a saiwoyinta, iska ta kaɗa ta ta kai su wata gaɓar. Saboda haka 'yar makaranta, in kin je wani gari kin ga fure mai kyau yana yawo a kan ruwa, kada sha'awa ta sa ki ɗauko ki jefa a kududdufin unguwarku.

To me ya sa na ce wannan zance namu ne na mata, alhali kuwa kowa ya san 'yan samari masu wanka a rafi su aka fi gani da fitsarin jini? Dalilin ke nan, su ana gani, mu ba a gani. Yaro in ya yi fitsari ja abokansa za su gani, magana ta kai gida. Yarinya kuwa ɓoyewa take yi. Bugu da ƙari, a jikin mace ƙwayayen tsutsar ba a mafitsara kaɗai suke tsayawa ba. Sukan maƙale a bakin mahaifa da mahaifar kanta da hanyoyin da ƙwan haihuwa ke bi, su yi miki, su bar tabo. Daga nan sai ciwon mara, da zubar ruwa, da jin zafi ko ganin jini wajen kwanciyar aure, da ɓari, da ciki a wajen mahaifa, da rashin haihuwa. Mikin nan kuma yakan sauƙaƙa wa cuta mai karya garkuwar jiki shiga. In tsargiya ta daɗe ba magani, tana iya taɓa ƙoda, tana iya jawo sankarar mafitsara, ga mace ga namiji. An ƙiyasta cewa mata da 'yan mata wajen miliyan 56 ne ke ɗauke da wannan nau'i na ciwon a ƙasashen Afirka da ke kudu da hamada, kuma mafi yawansu ba su san sunan abin da ke damunsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum fiye da miliyan 250 ne ke bukatar maganin tsargiya a duniya, kusan dukkansu a Afirka, Nijeriya kuwa tana sahun gaba.

Ki duba alamomin nan da na lissafa da kyau. Ashe ba su ne muke tattarawa duka mu kira ciwon sanyi ba? Mata nawa aka zarga, aure nawa ya girgiza, kishiya nawa aka ɗora wa laifin asiri, alhali mai laifin yana can manne da gindin ciyawa a bakin rafi? Ban ce duk ciwon mara tsargiya ne ba. Abin da nake cewa shi ne, macen da ta tashi tana shiga rafi ko kududdufi, in irin wannan ya same ta, to a auna kafin a yi zargi.

Na san wata za ta ce, "Ai ni ina cikin kulle, rabona da rafi tun kafin a kawo ni." Ina ba ki amsa biyu. Ta farko, tsutsar nan tana iya shekaru a jiki, tabonta kuma ya fi ta daɗewa, watau abin da kika ɗauko kina 'yar shekara goma yana iya biyo ki ɗakin miji. Ta biyu, wa ke ɗebo miki ruwa? In daga dam ko kududdufi 'yan ga-ruwa ko yaranki suka ɗebo, kika juye a bokiti nan take kika yi wanka ko kika yi wa jariri, to rafin ne ya iske ki har bayan ɗaki.

Sai dai Allah da ikonSa, abin nan da ke fitowa daga katantanwa ba ya da tsawon rai. In bai sami jikin mutum ba, cikin kwana biyu ya mutu. Saboda haka ruwan rafi in ya kwana biyu a ajiye, an huta da tsargiyarsa wajen wanka da wanki. In ana gaggawa, a tafasa shi a bari ya huce. Na sha kuwa a tafasa shi ko yaya, domin akwai waɗansu cututtukan ban da wannan.

Amma ajiye ruwa shi ma yana da nasa sharaɗi, kuma a nan ne baƙo na uku ya shigo. Sauron da muka saba da shi, mai kawo zazzaɓin cizon sauro, a tafkunan damina yake hayayyafa, shi ya sa zazzaɓi yakan yi sauƙi da rani. To akwai wani irin sauro da masana ke kira Anopheles stephensi, asalinsa daga Indiya da maƙwabtanta da yankin ƙasashen Larabawa. Shi ba ruwansa da damina. A tankin ruwa da duro da randa da tsohuwar taya da rijiyar da ba murfi yake zuba ƙwai, yana son birni, yana jure zafi, kuma magungunan feshi da yawa ba sa kashe shi. An fara ganinsa a Afirka a ƙasar Jibuti cikin 2012. A shekarar nan mutum 27 kaɗai aka rubuta sun kamu da zazzaɓin a ƙasar, har suna ganin sun kusa rabuwa da shi. Zuwa 2020 adadin ya wuce 73,000. An gan shi a Habasha da Sudan a 2016, a 2022 kuma zazzaɓi ya ɓarke a birnin Dire Dawa na Habasha da tsakiyar rani. A nan Nijeriya an gano shi a Jihar Gombe cikin 2020. Ke da kike Gwaram ko Basirka, kin san motocin da ke zuwa daga wajen Gombe da Darazo su nufi Kano ta ƙofar gidanki suke wucewa, su bi ta Birnin Kudu. Sauro kuwa ba ya biyan kuɗin mota. Don haka randar da za ki ajiye ruwa kwana biyu a rufe ta ruf, ba da faifan da ya yage ba. A kuma juye ta a goge cikinta da soso sau ɗaya a mako, domin daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana bakwai zuwa goma ba a lokacin zafi.

Wani zai ce to laifin dam ne ke nan, a daina tare ruwa. Ni ban ce haka ba. Duk wadda ta ci tumatir da albasa da rani, ko ta ga mijinta ya sami abin yi a fadama maimakon tafiya ci-rani, ta san amfanin ruwan nan. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya tare ruwa ya ɗauki nauyin abin da ruwan zai tara. Bai kamata a gina dam a yi bikin buɗewa a watse, a bar mata da yara da ciyawa da katantanwa ba. Kowane dam da kowace hanyar ruwa ta noman rani ya kamata a ce akwai rijiyar burtsatse ko famfo kusa, da dakalin wanki na siminti, da masai, yadda ba sai yarinya ta tsoma ƙafa a ruwa ba.

Wata kuma za ta ce cuta da lafiya duk na Allah ne. Haka ne, babu ja. Amma Wanda Ya saukar da cuta Shi Ya saukar da magani, Ya kuma ba mu hankali. Ku tambayi malamanku na Islamiyya, addininmu ya hana yin fitsari a cikin ruwan da ba ya gudu, ya kuma hana yin bayan gida a mashayar jama'a. Da za mu riƙe wannan kaɗai, mu koya wa 'ya'yanmu tun suna ƙanana, da katantanwa za ta yi ta zamanta cikin kacalla ba ta da abin da za ta ba kowa, domin sai mun zuba mata take mayar mana.

Maganin tsargiya kuwa yana nan, sunansa Praziquantel. Ƙwaya ce, yawanci sha ɗaya ake yi, bayan an ci abinci an ƙoshi. Ma'aikatan lafiya sukan bi makarantu su raba shi kyauta, suna auna tsawon yaro a jikin sanda don su san ƙwaya nawa za a ba shi. Yakan sa ɗan jiri ko tashin zuciya na ɗan lokaci, musamman in an sha da yunwa, kuma wannan ne ya sa waɗansu iyaye ke hana 'ya'yansu zuwa makaranta ranar rabo. Uwargida, wannan kuskure ne babba. Jirin yini ɗaya ina zai haɗu da ciwon shekara goma? Ki ba ta tuwo ko koko da ƙosai ta ci ta ƙoshi, ki tura ta. Tun 2022 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa a wuraren da cutar ta yi yawa a riƙa ba kowa daga ɗan shekara biyu zuwa sama, har da masu shayarwa da masu cikin da ya wuce wata uku. Amma mai ciki kada ta saya ta sha da kanta, ta bari ma'aikacin asibiti ya ba ta. A kuma sani cewa maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba ya hana wata sabuwa shiga in an koma ruwan.

Inda gizo ke saƙa shi ne, rabon makaranta 'yan makaranta yake samu. Yarinyar da ke talla, da wadda aka cire aka yi wa aure, da 'yar Fulanin da ke ruga, da matar da ke cikin gida, su wa zai kai musu? Su ne kuwa suka fi kowa daɗewa a cikin ruwa. Wannan shi ne abin da nake so mu buɗe baki mu nema.

Saboda haka ga roƙona gare ku.

Na farko, ke uwa, ki zaunar da 'yarki ki tambaye ta cikin lumana ko tana ganin jini a fitsari ko tana jin zafi. Kada ki yi mata tsawa, kada ki sa mata zargi. In ta ce e, ku nufi asibiti. Akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya a Birnin Kudu, akwai asibiti a Gwaram, akwai ƙananan asibitoci a garuruwa. Awon fitsari ba abu ne mai wuya ba.

Na biyu, ke mai fama da ciwon mara ko jinkirin haihuwa, in kin je ganin likita kada ki jira sai an tambaye ki. Ki ce, "Likita, na tashi ina shiga rafi, a duba mini tsargiya." Wannan 'yar magana tana iya rage miki wahalar shekaru. In da hali maigida ma a auna shi, domin cutar tana taɓa maza ta wajen haihuwa su ma.

Na uku, ku 'yan makaranta, ku ne idon iyayenku. Ranar rabon magani kada ki ɓoye ƙwayar a bakin zane ki zubar a hanya. Ki sha, ki kuma gaya wa ƙawarki da ba ta zuwa makaranta ta zo a ba ta. In an aike ki wanki, ki ɗebi ruwa da guga mai igiya ki koma tudu, kada ki tsaya a ciki. Ku roƙi malamin kiwon lafiya ya nuna muku katantanwar a cikin kwalba, don ku gane ta in kun gan ta.

Na huɗu, mu yi wa mazanmu magana, su kuma su kai ta gaban mai unguwa da dagaci da kansila. A sa ranar gayya a share ciyawar da ke mashaya, ko da wurin da ake ɗiban ruwa ne kaɗai. Wannan ba tatsuniya ba ce. A arewacin Senegal masana sun gwada a ƙauyuka 16, a rabinsu aka riƙa kwashe wata ciyawa da ke kwance a ƙarƙashin ruwa a wuraren ɗiban ruwa, aka fitar da fiye da tan 400. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna katantanwa ta ragu ƙwarai, yaran makaranta na ƙauyukan da aka share kuma ba su sake kamuwa da tsargiyar hanji kamar na sauran ba. Ciyawar ma ba a yi asararta ba, an mai da ita taki da abincin dabbobi. Kacalla ita ma tana da amfani in an fitar da ita, ana tabarma da zana da ita, a Senegal da Muritaniya har gawayi ake yi. Sai dai masu aikin su sa dogon takalmin roba da safar hannu, kada a je neman lafiya a ɗauko ciwo. A yanke ta a ƙarƙashin ruwa, domin in kututturen ya nutse shaƙewa yake yi, in kuwa an yanke ta sama tohowa za ta yi. Kada kuma a sa yara wannan aiki.

Na biyar, ƙungiyoyinmu na mata, na adashi da na Islamiyya da na unguwarzoma, mu sa wannan magana cikin abin da muke tattaunawa. In masu neman ƙuri'a sun zo da atamfa da sabulu, mu ce mun gode, amma rijiya muke so a bakin dam, da masai a makarantar 'yan mata, da maganin tsargiya ga matan da ke cikin gida.

Mu Hausawa an san mu da karrama baƙo, mukan ce baƙonka annabinka. Amma wannan ga baƙon da ya yi sallama ne. Wanda ya zo ya tare mashaya, ko ya shige randa, ya kuma ɓoye maka maƙiyi a ƙarƙashin rigarsa, ba shimfiɗa ake yi masa ba.

Ranar da zan baro ƙauyen nan, aminiyata ta rako ni bakin hanya tare da 'yar autarta, 'yar shekara tara, tana riƙe da jakata. Uwar ta ce mini ran kasuwa mai zuwa za ta kai ta awo, ita da sauran ƙannen biyu, ba za ta jira ta ga jini ba. Ina fata kowaccenku za ta yi haka.

Wadda take da tambaya ko wani abu da ta gani a garinsu game da wannan al'amari, ta rubuto mana, za mu buga ba tare da sunanta ba in ta so. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya ba masu nema haihuwa mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.